Zagayen Nas, Gado Bayan Gado

A takardar biyan kuɗin asibiti akwai kuɗin gado, akwai na magani, na gwaji da na tiyata. Babu layin da aka rubuta kuɗin zagaye. Amma duk mutumin Masaka ta jihar Nasarawa da ya taɓa kwana jinya, ko a ƙananan asibitocin kuɗi na cikin unguwa, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, ko a asibitocin Nyanya da Asokoro, ya san yadda abin yake. Likita zai zo ya duba, ya rubuta, ya wuce. Nas ce ke kwana ta tashi da majinyaci. Zagaye kuwa shi ne ta miƙe a kan lokaci ta bi gadaje ɗaya bayan ɗaya, ta duba kowa, ko ya kira ta ko bai kira ba, domin wanda jiki ya fi yi wa tsanani shi ne galibi ba shi da ƙarfin kira. Akwai maza ƙwararru a wannan aiki, amma da yake mata sun fi yawa, da sunansu zan yi magana.

Aikin yana farawa tun kafin a taɓa kowa, wajen miƙa aiki. Mai tashi da mai karɓa ba sa tsayawa a tebur kawai. Tare suke bin gadaje, mai tashi tana bayani: wannan jiya aka fito da shi daga tiyata, bai yi fitsari ba tun tsakar dare, waccan an ɗaura mata ledar jini ta biyu, a sa ido, wancan kada a ba shi ko ruwa, da safe za a shiga da shi. Mai karɓa tana ji da kunne tana tabbatarwa da ido, saboda daga wannan lokaci amanar ta koma wuyanta. Sai ta haɗa kayanta a tire: ma'aunin zafin jiki, na'urar awon jini da maɗaurinta, abin sauraren ƙirji, 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, safar hannu, auduga, biro, da agogo mai hannun sakan. Da yawa sukan maƙala agogon a ƙirjin riga maimakon su ɗaura a hannu, don hannun da za a riƙa wankewa tsakanin majinyaci da majinyaci bai kamata ya zama da abin da zai ɓoye datti ba. A jihar da ta san zazzaɓin Lassa, wannan wankin hannu kariya ce ga majinyaci da ita kanta nas ɗin.

Daga bakin ƙofa ta fara awo. Wa ke zaune ya jingina yana neman iska? Wa ya kwanta shiru fiye da jiya? Wane yaro ne ya daina kuka alhali ba barci yake ba? Sannan ta isa gado na farko ta yi gaisuwa. "Baba, sannu. Yaya jiki?" Baba zai ce, "Da sauƙi, Sista, alhamdu lillahi." Haka zai ce ko da ciwo ya hana shi runtsawa, domin haka aka tarbiyyantar da mu, kuma kunya da dauriya ba sa barin dattijo ya yi raki a gaban yarinyar da ta yi sa'ar jikarsa. Ƙwararriyar nas ba ta tsayawa a nan. Labarin zuciya a tambayi fuska. Tana duban zufar goshi, da yadda ya damƙe gefen katifa, sai ta sauya tambaya: "Baba, nuna mini da yatsa inda yake maka ciwo. Ka samu barci? Yaushe ka zaga?" Idan mace ce mai nauyin baki, sai ta ja labule, ta sallami maza, ta rage murya. Kuma a wannan yanki da Gbagyi da Bahaushe da Eggon da Mada da Tibi da Ibo ke kwance a ɗaki guda, takan yi tambaya ɗaya da Hausa a wannan gado, ta maimaita da burokan a na gaba, ta nemi mai fassara a na uku.

Sai ta kama tsintsiyar hannu. Yatsu biyu ko uku take ɗorawa a kan jijiyar da ke gindin babban yatsa, ba ta sa nata babban yatsan, domin shi ma yana da bugunsa, zai iya ruɗa ta ta ƙirga nata a maimakon na majinyaci. Babban mutum mai lafiya bugunsa tsakanin 60 ne da 100 a minti. Amma lamba rabin labari ce. Yatsunta na jin ko bugun cikakke ne ko siriri, ko yana tafiya daidai ko yana tsallake, ko fatar da ɗumi ko ta yi sanyi da danshi. Da ta gama, ba ta sakin hannun. Tana ci gaba da riƙo, idonta a kan agogo, alhali ta koma ƙirga numfashi ta wutsiyar ido, tana bin tashi da saukar ƙirji. Hikimar ita ce, da zarar mutum ya san ana ƙirga numfashinsa sai ya sauya shi ba da niyya ba. Wannan 'yar dabara tana burge ni ƙwarai, ganin cewa numfashi na cikin alamun da ke fara sauyawa idan jiki zai rikice, kuma shi ne awon da ba ya buƙatar komai sai ido da agogo da haƙurin minti guda cur. Babba yakan ja numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Ga yara kuwa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ya bambanta: jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 ko fiye ya yi sauri, daga wata biyu zuwa shekara, 50, daga shekara zuwa biyar, 40. Takan ɗaga rigar yaron ta ga ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki idan ya ja iska, ta shafa maɗigar jariri ta ji ko ta faɗa.

Awon jini yana da nasa ladabin. Maɗauri ya dace da kaurin dantse, don ƙarami a babban hannu yakan ƙara lamba, babba a siririn hannu yakan rage. Ta ɗaura shi sama da gwiwar hannu kaɗan, ta hura iska har bugun tsintsiyar hannu ya ɓace, ta ɗan ƙara, sannan ta ɗora abin saurare a kan jijiya ta fara sassauta iskar a hankali. Inda ta ji bugu na farko, lambar sama ke nan. Inda sautin ya ɗauke, ta ƙasa. Abin da gogewa ta koya mata shi ne kada awon jini mai kyau ya kwantar mata da hankali shi kaɗai. Matashin da ke zubar da jini a ciki bayan haɗarin babur zai iya riƙe lambarsa daidai na ɗan lokaci, bugunsa ne zai fara gudu, tafin hannunsa ya yi sanyi, ya fara neman ruwa. Don haka takan ja fatar idonsa ta ƙasa ta ga ko ta yi fari, ta matsa farcensa ta saki: idan jan bai dawo cikin sakan biyu ba, da magana. Ita ma 'yar na'urar yatsa, mai nuna yawan iskar oksijin a jini, ba a miƙa mata wuya gaba ɗaya. Yatsa mai sanyi, jan farce ko baƙin lalle na iya ɓata lissafinta. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun nuna cewa ga masu baƙar fata na'urar ta fi yawan nuna lamba mai kyau alhali iskar ta yi ƙasa, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farare. Nas ɗin da ta ga 95 a na'ura amma ta ga mutum yana haki, mutumin take gaskatawa.

Daga nan ta ɗaga kai ga ledar ƙarin ruwa. A asibitocin da babu injin da ke sarrafa gudun ruwa, lissafi a kanta yake. Robar da aka fi amfani da ita ga manya tana ba da ɗigo 20 a kowace mililita. Idan likita ya rubuta leda mai mililita 500 ta shiga cikin awa huɗu, ɗigo 10,000 ke nan a raba wa minti 240, ya kama kusan 42 a minti. Sai ta tsaya ta ƙirga ɗigon sakan 15, tana murza 'yar tayar da ke jikin robar sama ko ƙasa da babban yatsa har ta samu goma ko sha ɗaya. Ta rubuta lokaci a jikin ledar. Ta sauko da ido inda allurar ta shiga: idan wurin ya kumbura ya yi sanyi, ruwan ya bar jijiya yana taruwa a nama, idan ya yi zafi da ciwo, jijiyar ta gaji, sai an sauya wuri. Kowane zagaye sai ta sake ƙirgawa, domin majinyaci ya lanƙwasa hannu ruwan ya tsaya, ko wani ɗan jinya mai son a gama a sallame su ya buɗe tayar. Ga ƙaramin yaro ko mai ciwon zuciya, ruwan da ya shiga da gudu zai iya taruwa a huhu.

Abin da ya shiga dole a san fitarsa. Ta durƙusa ta duba ledar fitsari, yawansa da launinsa. Babban mutum idan ya gaza kimanin mililita 30 a awa, ƙoda na neman agaji. Tana durƙushen ne take ganin abin da ke ƙarƙashin gado: gorar jiƙo da aka shigo da ita a ɓoye, ko kofin kunu kusa da wanda aka ce kada ya ci komai kafin tiyata. Ba ta yin faɗa. Takan ce, "Mama, na san don tausayi kika ba shi, amma idan aka sa shi barci da abinci a ciki zai iya komawa huhunsa. Cokali nawa ya sha?" Da wannan lafazi ake samun gaskiya, gaskiyar ce kuma likitan tiyata ke buƙata.

Ga wanda ɓarin jikinsa ya shanye ko wanda ba ya cikin hayyacinsa, akwai juyi duk bayan awa biyu. Nauyin jiki idan ya daɗe a kan ƙashi ɗaya yakan toshe jini, naman ya mutu daga ciki, gyambon kwanciya ya ɓullo. Ta san wuraren: ƙashin bayan ƙugu, kwankwaso, dunduniya, allon kafaɗa, ƙeya. Littattafan da aka rubuta a Turai sukan ce a nemi inda fata ta yi ja, amma a fatarmu ja ba ya fitowa sosai. Sai ta nemi inda ya fi kewayensa duhu ko sheƙi, ta taɓa da bayan hannu ta ji ko ya fi zafi ko ya yi tauri. Ta miƙe zanin gado, don ko ninki ɗaya na iya cin fata, ta sa matashi tsakanin gwiwoyi, ta ɗaga dunduniya daga katifa.

A ɗakin haihuwa tazarar zagayen takan matse. Awa biyun farko bayan haihuwa, duk minti 15 ake so a dafa marar mai jego a ji mahaifa. Idan ta dunƙule ta yi tauri, madalla. Idan ta yi laushi, sai a murza ta nan take a duba zane, domin jinin da ya kai mililita 500 ya shiga haɗari, kuma yakan taru a ƙarƙashin mace ba tare da ta ce uffan ba. Mai jijjiga da ake yi wa allurar magnesium duk awa huɗu, kafin kowace allura sai an ƙwanƙwasa gwiwarta an ga ƙafa ta harba, an ƙirga numfashi ya kai 16, an tabbatar fitsari na fita. Idan ɗaya ya gaza, sai a dakata a kira likita.

Duk wannan sai an rubuta shi a takardar da ke cikin fayil, kowane awo da lokacinsa, ɗigo-ɗigo a haɗa su da layi. Awo ɗaya bai cika faɗin komai ba. Bugun da ya tashi daga 84 zuwa 96 zuwa 112 cikin awa shida shi ne ke sa a taso likita da tsakar dare. A nan ake gane wadda ta zagaya da wadda ta zauna da waya a hannu ta cike gurabe. Takardar ta biyu tsaf take, kowa numfashinsa 20, kowa zafinsa daidai, daga gado na ɗaya har na ƙarshe. Ta farko kuwa lambobinta na hawa da sauka, akwai gyara, akwai ƙarin bayani a gefe.

To me ke hana wannan aiki tafiya a kan lokaci? Na farko lissafi ne. A ɗauka ɗaki mai gado 24 da nas biyu a aikin dare. Idan kowane gado ya ci minti biyar kacal, zagaye ɗaya ya cinye wa kowace awa guda, ba a sa rabon magani ba, ba a sa wankin ciwo ba, ba a sa sabon majinyacin da aka kawo ko wanda numfashinsa ya tsaya ya janye su duka biyun ba. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta sun bincika asibitoci 168 a jihar Pennsylvania, suka gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. Da aka maimaita binciken a ƙasashen Turai tara a 2014, adadin da aka samu ke nan. Mu kuwa hannayen raguwa suke. A Fabrairun 2024 magatakardan Hukumar Nas-nas da Ungozoma ta Najeriya, Faruk Abubakar, ya ce nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Galibi waɗanda suka goge ne ke tafiya, wato masu koya wa sababbi irin dabarun da ba a rubuta a littafi ba. Da nas-nas na asibitocin tarayya suka shiga yajin aikin gargaɗi ranar 30 ga Yulin 2025, ɗaukar ƙarin ma'aikata na cikin buƙatunsu, tare da gyaran alawus na aikin dare.

Sai hanya. Masaka tana ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, amma cinta da shanta a Abuja suke, kuma ma'aikata da yawa da hayar birni ta gagara, har da nas-nas, a nan suke kwana. Wadda za ta karɓi aikin safe a Asokoro ko Wuse ko Garki sai ta ratsa Ado da Mararaba da Nyanya da Kugbo, hanyar da cunkosonta ya yi suna a ƙasar nan. Takan fito tun kafin asuba, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ke cin babban rabo na albashinta. Idan tirela ta faɗi ko aka yi ruwan safe, ta makara. Mai aikin dare ba ta da ikon tafiya sai an karɓe ta, don haka ita ce za ta yi zagayen safe da idon da bai runtsa ba, a daidai lokacin da ake rabon magani, inda kuskuren suna tsakanin A'isha biyu ko Musa biyu ke iya zama babbar musiba.

Ragowar cikas ƙanana ne a ido, amma su ke cinye mintoci. Na'urar awon jini ɗaya ce tsakanin ɗakuna biyu, sai an je aro. Batirin na'urar yatsa ya mutu. An ɗauke wuta, janareto bai tashi ba, ana neman jijiyar yaro da fitilar waya, kuma a irin wannan haske ba a iya ganin farin ido ko duhun fata. Allurar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ake yi a take, a maimaita bayan awa 12, a sake bayan awa 24, lokacinta ya yi amma ɗan jinya bai dawo daga kantin magani ba, ko kuɗin ne bai haɗu ba. Nas ce ke neman fayil, ita ke kai samfurin jini ɗakin gwaji, ita ke tura keken majinyaci, ita ke amsa tambayar kuɗi. Ga 'yan dubiya, waɗanda zumunci ne ya kawo su kuma lada suke nema, amma mutum goma a kewaye da gado ɗaya sun tare hanya, majinyacin kuma ba zai faɗi cewa bai yi bayan gida kwana uku ba a gaban surukansa.

Ƙasashen da suka fi mu kayan aiki sun gwada mayar da zagaye doka. Wani bincike a asibitoci 14 na Amurka a 2006 ya nuna cewa zagayen kowace awa ya rage faɗuwar majinyata da yawan kiran nas. Bayan abin kunyar sakaci da aka bankaɗo a asibitin Stafford na Ingila, Firayim Minista David Cameron ya nemi a riƙa zagayen awa-awa a Janairun 2012, asibitoci suka buga takardun cikewa. Da Farfesa Ruth Harris da tawagarta suka bi diddigi, rahotonsu na 2019 ya nuna cewa sau da yawa hankali ya koma kan cike takarda, amfanin ga majinyaci kuma kaɗan ne. Ina ganin darasin ya shafe mu kai tsaye. Shugaban asibitin da ya buga fom ya rataya a kowane gado, bai ƙara ma'aikaci ba, bai sayi na'urar awo ta biyu ba, bai sa sola a ɗakin kwanciya ba, bai ɗauki masinja da zai sauke wa nas aike-aike ba, sa hannu kawai zai tara.

Abin da ƙwararriya ke yi idan ta ga zagayen ba zai kewayo kowa a kan lokaci ba shi ne ta sake jera ɗakin. Wanda aka fito da shi daga tiyata, da mai haki, da wanda bugunsa ke hawa, ta matso da gadajensu kusa da teburinta inda za ta gan su ko tana rubutu. Wannan dabara tsohuwa ce: a shekara ta 5 bayan Hijira, da aka raunata Sa'ad bin Mu'az a yaƙin Khandaƙ, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka ajiye shi a tantin Rufaida al-Aslamiyya da ke masallaci don ya riƙa duba shi daga kusa. Waɗannan na kusa da teburinta nas takan duba su duk rabin awa ko awa, masu sauƙi duk awa huɗu. Sannan ta mai da 'yan jinya mataimaka. Ta zaɓi mai natsuwa a cikinsu, ta ja layi da biro a jikin leda ta ce, "Yaya, idan ruwan ya sauko nan ki kira ni, kada ki taɓa tayar. Idan kin ga numfashinsa ya sauya, ko yana magana ba kan gado, ko kin tashe shi bai tashi ba, kada ki ji nauyina, ki zo ki same ni ko ina tsakiyar wani aiki." Ta nuna mata yadda ake kama kafaɗa da ƙugu a juya mutum ba tare da an ja fatarsa ba, ta sa ta gwada a gabanta sau ɗaya. Idan kuma gaggawa ta sa awon ƙarfe biyu bai samu ba sai uku da kwata, uku da kwata take rubutawa, ta faɗa wa mai karɓarta dalili, don likitan safe ya san ainihin tazarar da ke tsakanin lambobin da zai yanke hukunci a kansu.